Kwaɗon Roba a Tekun Doha

A shekarata ta biyu ina gadi a unguwar West Bay da ke Doha, kewar rafin garinmu ta dame ni, inda muke kama tarwaɗa da ɗan kwaɗo a ƙugiya. Sai na sayi sandar kamun kifi da wani koren kwaɗon roba, irin wanda na gani a waya Amurkawa suna jawo manyan kifayen tafki da shi.

Ran Juma'a na ce wa 'yan ɗakinmu kada kowa ya sayi nama. "Ku dai yi jajjage. Ni a ruwa na girma."

Awa huɗu ina jefawa cikin teku ina ja, har da sa kwaɗon tsalle-tsalle. Wani dattijo Ba'indiye da bokitinsa ya cika ya matso, ya tambaye ni a hankali ko kifin ruwan gishiri ya taɓa ganin kwaɗo a rayuwarsa.

Da burodi muka share miyar.

Yanzu duk mun watse, amma Sani direba, wanda ya yi jajjagen, duk Sallah sai ya kira: "Sarkin Ruwa, ya iyali? Ya kwaɗo, ya fara kawo cefane?"