Ramin da Na Shafe da Fenti

Furfura ta cinye kaina, na manta sunayen abokai da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe bayan motar Baba Sule a Kusada ba.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Ni kuma na dawo Kankia daga Kano da guduma uku, da tukunyar walda, da girman kai buhu guda. Wata tara kacal na yi ina koyon gyaran jikin mota (maigidana ya ce saura shekara biyu, na ce a raina hassada ce). Na kafa rumfa a bakin titi, na sa aka rubuta mini "Injiniya" a allo.

Baba Sule tsohon direban wani Bature ne. Da aka samu 'yancin kai, Baturen ya tafi ya bar masa motarsa, wata baƙa mai faɗin ƙirji. Shekara da shekaru yana ɗaukar kanwa da gishirin shanu a but ɗinta, wato wurin zuba kaya na baya, har tsatsa ta yi mata kaca-kaca.

Wata rana ya kawo mini ita, ya ce, "Yaya Kande za ta dawo daga Makka. Ita ta goye ni. So nike in ɗauko ta cikin wagga mota tana sheƙi."

Gaskiya ƙofofin na yi musu aiki. Na yanke inda ya ruɓe, na yi walda, na buge, na goge, na fesa fenti har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Amma ƙasan but ɗin gishiri ya mai da shi rariya. Gyaransa na gaskiya kwana uku ne ina kwance a ƙarƙashin mota, inda ba mai wucewa da zai gan ni ya yaba. Sai na fasa gwangwanin kananzir, na shimfiɗa, na liƙe da foti, ƙullin nan da muke cike lotsa da shi, na shafe da baƙin fenti.

Baba ya tambaye ni, "Ƙasan fa, ka duba shi?"

Na ce, "Baba, ko bijimin sa ka ɗora ba zai motsa ba." (Har da dukan ƙirji.)

Ranar da bas ta sauke Hajiya Kande a Kankia, Baba ya tafi da ni mu kai ta gida Kusada. Rungume take da wani babban gwangwani a liƙe, cike da zamzam. Mijinta ya shekara a kwance, don shi ta ɗauko. Ta ce a cinyarta za ta riƙe. Ni, ni da bakina, na ce, "Haba Hajiya, ga but sabo fil!" Na karɓe shi daga hannunta na saka.

Hanyar Kusada lokacin gargada ce zalla. A tsakiyar tafiya muka ji wani ƙara a baya, Baba ya dube ni. Na ce dutse ne.

Muka tarar da unguwa ta cika. Mata na guɗa, tsofaffi riƙe da ƙananan kofuna, an tallafo mai jinyar har zaure. Baba ya miƙo mini makulli yana murmushi.

"Buɗe da hannunka, su ga aikinka."

Na buɗe. Jar ƙasar Kusada na gani ta cikin but. Rami ne wanda akuya za ta wuce, ga gwangwanin kananzir ɗina yana reto a gefe. Muna tsaye wata kaza ta bi ta ƙarƙashi, kowa ya gan ta. Guɗa ta mutu. Na so ƙasar nan ta tsage in shige.

Ba a jima ba wata Bafulatana mai tallan nono ta iso da gwangwanin zamzam ɗin a hannu, ya lotse, ya fashe. Ta ce a hanya ta tsinta. Hajiya ta karɓa, ta kai kunne ta girgiza. Ko ɗigo.

Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, da ka bar mani abuna na riƙe."

Mijin ya rasu kafin damina, bai ɗanɗana ba. Hajiya ba ta sake komawa Makka ba. Baba Sule kuwa, har ya bar duniya in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Tun daga nan, duk motar da na gyara, kafin in sallami mai ita sai na shiga but ɗin na yi tsalle da ƙafa biyu. Mutane na tsayawa suna dariya, wai tsoho ya zare. Su yi ta yi. Gara a yi mini dariya ina cikin but da a yi shiru ina tsaye a gabansa.