Injiniya da Muryar Baba

Duk gidan da Allah ya ba ɗa irin Yayanmu, to ya gode. Injiniya muke kiransa, ko da yake abin da ya taɓa gyarawa a duniya rimot ne, shi ma batir ya canza. Mu ƙannensa muka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya buga shi a kati.

Da Baba ya rasu, Injiniya ya tara mu a falo, ya gyara zaman tabarau. Ya ce hotunan gida, da hira ɗaya tak da aka naɗi muryar Baba, duk zai adana su a intanet.

"Ku goge na wayoyinku," in ji shi. "Wannan aikin masana ne."

Muka goge har da jinjina masa. Gaskiya dama wuri muke nema don bidiyon barkwanci, ba za mu ɗora masa laifin duka ba.

Duk wata sai ya sauya kalmar sirri, kuma ba ya rubutawa a takarda, wai wannan na mutanen zamanin da ne. Jerin kalmomin yana cikin wani fayil, fayil ɗin yana cikin ajiyar da suke buɗewa. Ana nan sai ya ga lambar wayarsa ba ta dace da mutum irinsa ba. Ya sayi mai bakwai-bakwai a jere, ya yar da tsohon layin.

Bayan shekara uku Mama ta ce tana marmarin jin muryar mijinta. Injiniya ya buɗe kwamfuta a gabanmu yana murmushi. Ya gwada kalma ɗaya, ya gwada biyar, ya ce matsalar sabis ce. Gumi ya karyo masa. Shafin ya ce an tura lambar tabbatarwa zuwa tsohon layi.

Ya kira. Wata mai ɗinki ta ɗauka, ƙarar keke na tashi. Ashe an daɗe da sayar mata da layin. Ya gabatar da kansa da cikakken muƙami, ya nemi ta karanto masa lambar.

"Ku 'yan damfara ba kwa gajiya?" ta ce. Ta kashe, ta toshe shi.

Kunya ta rufe mu duka, ba wanda ya iya kallon wani. Injiniya ya yi gyaran murya, ya soma lacca a kan sakacin kamfanonin waya. Mama ta miƙe tana laluben takalminta.

"Bari haka, Babba," ta ce wa Injiniya. "Muryar mahaifinku na so in ji sau ɗaya. Taka kam mun ji."