Ƙafar Mudir Ashafa da Inshorar Zinariya

Duk faɗin titin Sultana, nan ƙasar Larabawa, daga masu shawarma har masu gyaran jawwal, wato wayar hannu, babu wanda bai san Mudir Ashafa ba. In ma akwai, laifinsa ne, don Mudir ya yi iya ƙoƙarinsa. Maktabinsa, wato ofishinsa, na sayar da tikitin jirgi ɗaki ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya, kuma shi ne ma'aikacin, amma a ƙofa an rubuta Babban Mudir da ruwan gwal. Mutanenmu na kiransa Baban Nasiha, don ko sallama ka yi masa sai ka tafi da wa'azi kyauta. Ya taɓa tsayar da walima guda saboda ya jiyo warin shisha a rigar wani saurayi. Mutum ne mai hanci, masha Allahu.

Bana ya tafi Turai, taron manyan 'yan kasuwa, in ji shi. Kafin ya tashi sai da ya zaga majalisu yana kirarin inshorar tafiyar da ya saya.

"Ya jama'a, ta'amin hawa-hawa ne. Nawa na zinariya ne. Ko atishawa na yi a can, kamfani zai ce yarhamukallah, ya biya."

Ya dawo a keken asibiti, ƙafar dama a naɗe da filasta har cinya. Labarin kuwa mai sa hawaye: ya fito neman masallaci a garin da ba a jin kiran salla, santsin ƙanƙara ya kwashe shi. Tsofaffi suka yi ta kabbara. Badaru, ƙanin matarsa, direban da ya tura tanadin bikin ɗansa don asibitin can su sallami Mudir, shi ma ya yi kabbara, amma a hankali.

Labarin bai tsaya wuri ɗaya ba. Da fari ƙanƙara ce kawai. Kafin mako ya zagayo, har da wata tsohuwar Baturiya da ya tare kada ta faɗi, tana gab da musulunta.

Ranar Juma'a bayan la'asar majalisin gidansa a unguwar Khalidiyya ya cika da 'yan dubiya, ana zaga gahawa da dabino. Badaru ya yi ta maza.

"Yaya, maganar ta'amin fa? Bikin yaron nan ya matso."

Mudir ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa.

"Yau za ku ga yadda ake magana da kamfani," ya ce.

Ya kira su, ya buɗe sifika, ya sa aka ɗora jawwal a kan tire a tsakiyar ɗaki don kowa ya ƙaru. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta ɗauka. Ya gabatar da kansa da duk laƙabinsa, har da waɗanda bai riga ya samu ba.

"Ustaz," ta ce da Larabci, "maganar ta sirri ce. Kai kaɗai ne?"

"Ni ba ni da sirri! Rayuwata tafin hannu ce. Faɗi!"

Ta kuwa faɗi. Asibiti sun shaida musu cewa daga gidan rawa aka kwaso shi, bayan ya faɗo daga kan tebur. Gwajin jini ya nuna giyar da ke jikinsa ta wuce misali. Sharaɗin kamfani kuma, raunin da maye ya jawo ba sa biya.

"Har na zinariya?" Badaru ya tambaya.

"Har na zinariya, ya akhi."

Mudir ya yunƙura zai kashe wayar, filasta ta ce ba da ita ba. Tiren na can tsakiyar ɗaki inda ya ce a ajiye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga mai ƙafa ɗaya.

"Maganin tari ne!" ya daka tsawa. "Turawan nan har cikin maganin tari suke zuba najasa!"

Daga bayan labule, ɓangaren mata, yayarsa Ƙaltume ta ce, "Ashafa, tarin ne ya hau da kai kan tebur?"

Nan take kowa ya tuna magariba ta kusa, alhali rana na nan daram. Takalma suka ƙare a bakin ƙofa. Badaru kaɗai ya rage, ya zuba wa filastar ido, don a cikinta bikin ɗansa yake kwance.

Can sai matar gidan, Najiba, ta shigo da shayi. Ta durƙusa cikin ladabi, ta tsiyaya, ta riƙe cokali a bakin gwangwanin sukari, ta dubi mijinta.

"Abu Suhaib, in sa maka? Ko a bar shi haka, tunda ashe ɗaci ba ya hana ka sha?"