Jan Fentin Malam Badamasi

Jiya da hantsi na jingina da bangon gidan hayar maƙwabcina Malam Badamasi ina jiran ɗan acaɓa, na tashi da jan fenti tun daga kafaɗa har ƙugu. Ban yi faɗa ba. Kowa a unguwarmu nan Rano ya san da damina ta ɗauke Malam Badamasi yake sabunta wa hukuma aikinta, ni ne na sha'afa.

Ga yadda abin ya faro. Shekara huɗu da suka wuce, ana dab da zaɓe, wasu bayin Allah suka sauko daga farar mota riƙe da tef ɗin awo. Suka ce sabuwar hanya za ta ratsa ta bayan gari, gidaje goma sha ɗaya za su tafi, kowa kuma za a ba shi diyyar da zai gina biyu. Suka zana ƙaton jan gicciye a kowane bango, suka sha fura, suka yi gaba.

Gidan nan mai ɗaki huɗu shi ne kaɗai abin da Malam Badamasi ya tsira da shi a shekara talatin na fataucin albasa. A cikinsa akwai 'yar haya irin wadda ake roƙon Allah a samu, Malama Halima Sadiya, malamar firamare, da maigidanta da 'ya'yansu. Matar da in bango ya tsage, ita ke kiran magini ba tare da ta tashi mai gida daga barcin rana ba. Malam Badamasi ya ba su notis na sati biyu, wai kada katafila ta zo ta tarar da mutane a ciki hukuma ta ji kunya. Suka kwashe kayansu suka koma Kibiya.

Katafila ba ta zo ba. Ba laifin manyanmu ba ne, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Shekarar farko babu mai, ta biyu an sami mai direba ya yi ritaya, ta uku aka kafa kwamitin da zai gano inda kwamitin farko ya ajiye rahotonsa. Ruwan sama ne kawai ya cika alkawari, ya wanke gicciyen nan tas, don fentin hukuma yana da kunya, ba ya daɗewa a gidan mutane.

Sauran masu gidajen suka yi hamdala suka zuba sababbin 'yan haya. Shi kuwa Malam Badamasi hankalinsa ya tashi.

"Malam Ramalan," ya ce mini, "in suka dawo ba su ga alama ba fa? Ai shi ke nan, sunana ya faɗi."

Ya hau mota har Kano ya sayo fenti mai mai, wanda mai shagon ya rantse masa ba ya goguwa. Kowace kaka sai ya bi sawun alamar a tsanake, har ɗan karkacen da hannun ma'aikacin ya yi. Gida kuwa a kulle, gara tana cin ƙyaure, kwano yana yoyo. Wa zai gyara abin da za a rushe gobe?

To jiya bayan azahar sai ga farar mota, sabuwa fil. Yallaɓai mai tantancewa ya fito da jerin sunaye, ya wuce gidaje goma bai tsaya ba, ya ci birki a gaban na sha ɗaya.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ku ne, ranka ya daɗe."

Yallaɓai ya lakato da yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai. "Shekarata ashirin a bakin aiki, ban taɓa ganin fentinmu ya ga damina biyu ba. Dubi sheƙi! Wannan na jabu ne."

"Ranka ya daɗe, gyara muku nake yi, kada ya ɓace."

"Kun ji ya amsa da bakinsa ko? A soke sunansa."

Aka soke. Hukuncin ya fito sarai: gidaje goma ba su da alama, na sha ɗaya alamarsa ta ƙarya ce, saboda haka babu gidan da ke kan hanya, babu wanda za a biya. Na jinjina wa wannan basira, da ita ake kare dukiyar talakawa daga talakawa.

Da la'asar na raka Malam Badamasi Kibiya. Malama Halima Sadiya ta shimfiɗa mana tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba shi ya kore su ba. Ya yi ta kame-kame kafin ya iya cewa su dawo.

"Baba, wallahi ban riƙe ka a zuciya ba," in ji ta. "Amma in kwantar da 'ya'yana a gidan da aka sa wa alamar rusau? A goge tukuna, sai mu yi magana."

Shawarata ga masu gidan haya da masu shirin sa kuɗinsu a gini ba ta da tsawo. Kada ka tashi ɗan hayar kirki sai ka ji ƙugin katafila da kunnenka, ka kuma leƙa ka tabbatar akwai direba a kai. Gidan da ba kowa ya fi saurin mutuwa a kan wanda yara ke tsalle a ciki. In hukuma ta yi aiki a bangonka, bar mata abinta ya lalace yadda ta tsara.

Yau tun asuba Malam Badamasi yake gurzar bango da kananzir da soson ƙarfe, yatsunsa duk sun saɓule. Wallahi ya ba ni tausayi. Alamar ko gezau, tana nan jajir. A duk wannan lamari mutum ɗaya ne ya faɗa masa gaskiya, mai shagon fenti, shi kuma ga abin da gaskiyarsa ta jawo.