Yadda Za Ka Koyar da Motsa Jiki Ba Tare da Ka Motsa Ba

Kai sabon malamin wasanni, zauna. Zaman ma shi ne aikin. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran taru a gindin mangwaron firamaren garinmu, a bakin tafki kusa da Wara, ina kallon Malam Zaidu da ka gada. A aji uku na tsaya, amma na gane sirrin. Bi matakan nan, na tabbatar maka za ka riƙe kujerarka har ritaya, rigarka ba ta san gumi ba.

1. Sayi usur

Shi zai yi maka gudu, shi zai yi tsalle. Kumatu kawai yake nema, kuma na ga kana da su.

2. Bi inuwa

Ja kujera duk inda ta karkata. Akwai wani jan ƙadangare a jikin katangar nan da ke ɗaga ƙirji yana saukewa sau arba'in kafin azahar, na ƙirga. Kada ka bari yara su kwatanta ku.

3. Manta yadda suka zo

Rabin ajinka daga tsibiri suke tuƙo jirgi tun asuba. Ka dube su ka ce jikinsu ya mutu saboda rashin atisaye. Haka littafin ya ce.

4. Koya musu tuƙi a iska

Jera su a rana, hannu wofi, su riƙa kwasar iska dama da hagu. Hamdiyya 'yar aji biyar ta taɓa cewa, "Malam, in an yi haka cikin ruwa, juyi za a yi wuri guda." Zaidu ya sa ta kama kunne.

5. In mai duba makarantu ya zo, nisanci tafki

Nan Zaidu ya faɗi. Baƙon ya yaba atisayen, ya ce tunda ga ruwa kusa, malam ya nuna wa yara a aikace. Aka saka shi cikin jirgi, aka miƙa masa filafilin tuƙi. Jirgin ya yi ta juyi kamar faifai, yana nisa, Zaidu na busa usur, tafki bai tsaya ba. Hamdiyya ce ta je ta jawo shi, tana tambayarsa ko ya ƙoshi ko a ƙara masa zagaye ɗaya.

Yanzu lissafi yake koyarwa, a tsaye.

In ka bi shawarata aka kai ka bakin ruwa, ban san ka ba. Ni mai ɗinkin taru ne, kuma Hamdiyya ta tafi sakandare a Yelwa.