Ranar da na kai hoton gonata gaban Maigari

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na ɗauki waya na kai ƙarar surukina, na dawo gida ni ne mai laifi. Shekarata hamsin da 'yan kai, ba ni da boko sai aji uku na firamare, kuma na gaji da abubuwa da yawa a duniya. Amma wannan intanet, gaskiya, ta burge ni.

Malam Bello, hedimastan garinmu, wanda munka yi ƙuruciya tare, shi ya fara nuna mani. Ya ce ba sai na iya rubutu ba, in danna wani ɗan maɓalli in faɗi abin da nake so da bakina. In dai akwai data, sauran kyauta ne. Ban yarda ba sai da injin ban ruwana ya ƙi tashi. Na ga wani mutum can wata ƙasa yana kwance irin injin nan sak. Ban ji kalma guda cikin yarenshi ba, hannunshi kawai na bi, injin ya tashi. Mutumin bai san ni ba, bai nemi ko goro ba! Daga nan na shiga: yadda ake aje albasa kar ta ruɓe, tafsirin malamai, damben gargajiya (wannan na fi kallo, ba zan yi maku ƙarya ba).

Sai ciwon baya ya kwantar da ni sati biyu ban taka fadama ba. Malam Bello ya zo duba ni, ya ce bari ya nuna mani abin da zai ɗebe mani kewa. Ya buɗe wata taswira da ke nuna ƙasa daga sama, kamar idon shaho. Ga dam ɗin Goronyo, ga gulbi ya miƙe, ga rufin masallacinmu. Na yi ta salati. Bayan ya tafi na ci gaba da ja da yatsa har na gano gonata ta albasa, da goribar da ke bakinta.

Sai na ƙara dubawa da kyau. Gonar maƙwabcina, Malam Arzika, ta yi faɗi, tawa ta tsuke. Kunyar da ta raba mu ta matso cikin tawa da kamar fangalin albasa biyu. Shi Arzika kuwa ɗanshi ke auren ɗiyata Hadiza. Na ce wato don ya ga ina kwance! Mai hankali da sai ya hau babur ya je ya gani da idonshi. Ni ban je ba. Mi zan je yi, ga shaida daga sama?

Bayan sallar Juma'a mutane sun taru a zauren Maigari ana gaishe-gaishe. Na dogara sanda na shiga, na zube.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Malam Arzika ya ci mani iyaka ina kwance."

Arzika yana gefe da carbi, ya ɗago kai ya ce, "Suruki, ni?"

"Kai. Ba ni na faɗa ba, daga sama anka gan ka."

Na miƙa wayar da alfahari (Allah ya yafe mani, har kafaɗa na ɗaga). Ta zaga hannu hannu, dattawa na ta mamaki, wani na neman rufin gidanshi, wani na tambaya ko ana ganin awaki. Har ta iso hannun Malam Bello. Ya duba, ya dube ni, ya ƙara dubawa.

"Mutumina, wannan icen mi ne?"

"Goriba ce mana. Ko idonka ya mutu?"

"Ina goribar take yanzu?"

Sai na tuna. Goribar nan ta faɗi tun shekarar da ruwa ya cinye fadama. Da hannuna na faskara ta.

"Hoton tsoho ne," in ji Malam Bello. "Ba yau anka ɗauke shi ba. Ba su zaune sama suna gadin albasarka."

Anka yi dariya, na ce to an gama, in tashi da sauran mutuncina. Sai Maigari ya ce a'a, tunda ƙara ta zo gabanshi, sai an je an gani. Munka ɗunguma fadama, ni a bayan babur ina riƙe da ƙugu.

A hoto, kunyar iyaka ta bi ta gindin goriba daidai. A ƙasa, kututturen goribar yana nan, amma cikin gonata, taki uku daga kunyar. Maigari da kanshi ya taka: ɗaya, biyu, uku. Ba Arzika ya matso ba. Ni na matsa.

Ku da ke noman rani kun san yadda abin yake. Duk shekara ruwa na shafe kunya, duk shekara sai ka sake ɗaga ta, kuma galma ba ta taɓa karkata cikin gonar mai ita. Ɗan yatsa bana, tafin hannu baɗi. Ban taɓa kiran shi sata ba, ce mishi nake gyara.

Da ƙasa ta tsage a ranar, da na shige har da sandata. Maigari ya juya ga Arzika ya ce, "Kai ba ka lura ba duk shekarun ga?"

"Na lura, ranka ya daɗe."

"To mi ya hana ka magana?"

"Ɗiyarshi na gidana, ita ka dama mani fura. In tada hankalinta kan fangali biyu?" Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Suruki, bar albasar ta nuna ka cire abinka. Baɗi sai mu ja igiya daga kututturen."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Da na cire albasar, abin da fangalin nan biyu sunka ba da, a ƙofar gidanshi na sauke shi da sassafe, na gudu kamar ɓarawo. Har yau in na shigo majalisa sai wani ya ɗaga kai sama ya ce, "A gyara zama, ana kallonmu."

Wayar kuwa ban yi fushi da ita ba. Abin da ya tuna iyakar da ni mai gonar na so in manta, kuma bai karɓi ko sisi ba, ai ya cancanci yabo. Jiya ma ta koya mani maganin tsutsar albasa. Abin da na koya dai shi ne: shaidan da ba ka saya ba, ba naka ba ne. Kafin ka kai shi gaban Maigari, fara tambayar shi mi ya sani game da kai.