Baba Ladan da Mutanen Cikin Gilashi

"Ina gajiya, tsoho? Ƙafafun duka biyu sun iso, ko an bar ɗaya a cikin taksi?"

"Ba gajiya. Ƙafafuna suna nan lafiya. Kunyarki ce dai na ga an baro a gida, tana rataye a ƙusa."

"Lale, lale da angona. Wannan babbar riga fa? Ɗaurin aure aka ce maka?"

"Jana'iza aka ce mini. Ta hankalinki."

Baba Ladan ke nan da jikarsa Lubna, a ƙofar zauren wata makaranta da ke bayan babbar kasuwar Grand Marché, wata Asabar bayan azahar cikin shekarar 2007. Tsohon ya fi shekara hamsin yana ɗinkin hannu a Mardjandafak. Duk wani mai fataucin shanu da ya isa a unguwar ya taɓa sa rigar da ta fito daga allurarsa, sai da ido ya fara yi masa gardama sannan ya ajiye. Ba nishaɗi ya kawo shi ba. Ɗansa Dauda, mahaifin Lubna, shi ya roƙe shi ya zo. An kai wa Dauda labari cewa 'yarsa ta shiga ƙungiyar samari da 'yan mata masu bin zane-zanen Japan na talabijin, har yau sun tara gumaka a zaure ana zagaya su. Dauda ya ce, "Baba, je ka gano mini. In ka ce a'a, ita da taron nan har abada, littattafan zanenta kuma sai murhu." Lubna ta ji maganar daga bayan labule, shi ya sa yau dariyarta take ɗan rawa a ƙarshe.

"Riƙe hannuna kada ka ɓace," in ji ta.

"Ni in ɓace? Ina yawo a garin nan tun ana ce masa Fort-Lamy, lokacin ubanki bai san hanyar bakinsa ba."

Suka shiga. An ɗauke wuta, fankoki sun tsaya cik, zafi ya cika zauren. Bango duk hotunan mutane masu manyan idanu. Wani saurayi ya gitta da takobin kwali wanda ya fi shi tsawo.

"Wancan ɗan gidan wa ne? A kira danginsa."

"Shigar wasa ce kawai, Kaka."

"Waɗannan idanu fa, kamar faranti? Mutanen Japan ba sa barci?"

"Da kana da irin su da ba ka sa hula a baibai ba."

Hannunsa ya kai kansa kafin ya tuna da wa yake magana. Hular tana nan daidai. Lubna ta tuntsire da dariya.

"Na sake ki," in ji shi. "Saki uku."

"Na goma sha biyu ke nan tun Sallah. Taho."

A can ƙuryar zauren aka jera akwatunan gilashi guda uku a kan tebur, mutane sun yi musu da'ira, kowa ya rage murya. Mai kayan wani magidanci ne, sunansa Ghali, wanda ya yi shekara bakwai yana aiki a Faransa, ya riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya a naɗe cikin auduga. Da ya ga tsohon sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa aka buɗe masa hanya.

"To, gumakan ke nan?" in ji Baba Ladan.

"Ba gumaka ba ne. Figirin ake ce musu."

"Figi me?"

"Figirin."

"Sunan ma kamar kazar da aka fige."

"Kowanne kashi ɗaya ne cikin takwas na tsayin mutum."

"Sauran bakwai ɗin fa, wa ya cinye? Ke ce, na san cikinki."

Ba abin da yake gani sai launuka a dunƙule, shuɗi da ja da fari. Ghali ya lura da yadda yake ƙanƙance ido, sai ya zaro gilashin ƙara girma mai mariƙi ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa yana gunaguni, ya sunkuya.

Gunagunin ya tsaya.

Wata mace ce mai baka da kibiya, tsayinta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, tana tsaye da ƙafa ɗaya a kan dutse. Doguwar riga shuɗiya ce a jikinta, kuma iska ta ɗebi rigar ta yi baya da ita, gefen ya tashi ya naɗe, har ana ganin shafin ciki fari. Baba Ladan ya ɗaga kai ya dubi fanka. Tana tsaye. Ya lashi yatsa ya ɗaga kusa da gilashin.

"Iskar ta ina take shiga?"

"Babu iska, Kaka. Roba ce, a daskare take."

"Ƙarya kike. Ƙarya a jininku take, daga wajen kakarki."

"Kakata matarka ce."

"Shi ya sa na sani."

Ya sake sunkuyawa, a hankali wannan karon. Ya bi gefen rigar da gilashin kamar yadda yake bin aikin almajiransa na ɗinki a da, yana neman inda aka yi ha'inci. Bai samu ba. Ga kalmasa a bakin riga, ga sawun allura a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero da aka raba huɗu. Inda ɗamara ta matse ƙugu, yadin ya tattare daidai yadda yadi mai nauyi yake tattarewa, ba yadda mai sauƙi yake yi ba. Ya leƙa hammata. Har ɗan ƙyallen da ake ƙarawa don hannu ya ɗagu ba tare da riga ta yage ba, an sa shi.

"La ilaha illallahu," ya ce ƙasa-ƙasa.

Shekara hamsin yana ɗinka riguna, kuma ya san riga ba ta da rai sai an sa ta an yi tafiya, iska ta shiga ta fita. Abin da yake ƙiftawar ido ne, ya wuce. Bai taɓa tunanin akwai hannun da zai kama wannan ƙiftawar ya tsayar da ita, a zo a duba ta gaba da baya ba.

"Angona ya yi shiru," in ji Lubna. "A kawo ruwa?"

"Yi mini shiru, ina aiki."

Ya matsa akwati na biyu. Wani tsohon mayaƙi ne zaune a kan kututture, takobi a cinya, wandonsa da faci a gwiwa. Baba Ladan ya daɗe a kan facin nan. An fara ɗinkin da zare baƙi, sai a kusurwa ta ƙarshe aka ƙarasa da ruwan ƙasa.

"Malam Ghali, zo ka gani. Zare ya ƙare masa. Ya ɗauki wanda ya samu ya ƙarasa."

Ghali ya karɓi gilashin ya duba, ya ɗago da baki buɗe. "Wallahi Baba, shekara biyar yana hannuna, ban taɓa lura ba."

"Wanda ya yi wannan ya zauna kusa da maɗinki. Ko uwarsa, ko kakansa. Kuma gidan ba na masu hali ba ne." Ya dubi Ghali. "Ya sunansa?"

"Ba na iya karanta rubutunsu, Baba."

"Allah ya yi wa hannunsa albarka, ko wane ne."

Ya miƙe yana dafa ƙugu, ya gyara murya, ya tuna abin da ya kawo shi.

"To, ana yi musu sujada?"

"Subhanallahi, a'a Baba."

"Ana yanka musu kaza? Ana roƙon su ruwan sama?"

"Ƙura kawai nake share musu, ran Juma'a."

"Sun fi ni gata. Ni wannan ko ƙurar ba ta share mini."

Lubna ba ta rama ba. Ta rungume jakarta a ƙirji, ta dube shi sosai.

"Kaka, me za ka gaya wa Abba?"

"Kawo littafin nan da kike ɓoyewa."

Ta miƙa masa. Ya buɗe, ya ɗora gilashin. Mai bakan ce ta zana da fensir, tun safe take kanta. Fuskar ta fito, hannun ya fito, har tsirkiyar bakan.

"Fuska ta yi. Amma wannan mene ne a jikinta?"

"Riga mana."

"Wannan kwanon rufi ne. Yadi ba ya karyewa haka. Duba." Ya kama gefen babbar rigarsa ya ɗaga ya saki, ta zubo. "Daga inda aka riƙe shi yake farawa, sannan ya buɗe. Ke kin fara daga ƙasa, kamar mai gini. Gobe da safe ki zo gida da fensirinki. Zan sa rigunana ɗaya bayan ɗaya in tsaya a tsakar gida, ki ga yadda shadda ke faɗuwa da yadda saƙi ke faɗuwa."

"Gobe? Ke nan..."

"Ki zo da mafici kuma. Ke ce iskar."

"Kaka! Abba fa?"

"Zan ce masa na duba, ban ga mai bauta ba. Na ga masu kallo, ni ma na zama ɗaya." Ya sake waiwayar mayaƙin mai faci. "Zan kuma ce masa na ga aikin hannu wanda ya fi nawa."

Lubna ta dafe ƙirji. Kaf Mardjandafak an san Baba Ladan bai taɓa faɗin haka a kan kowa ba, mai rai ko matacce.

"Maimaita! Malam Ghali, ka zama shaida. Maimaita, tsoho!"

"Ban ce komai ba. Zafi ne."

"Ka ce ya fi naka!"

"Na ce kusan."

"Ba ka ce kusan ba!"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda take girgiza kafaɗu, har sai da ya dafa tebur, Ghali ya yi wuf ya tare akwatin. Ya laluba aljihu ya fito da goro fari guda, ya ɓare, ya dubi ɓarin biyu, ya miƙa mata babban.

"Ungo, ja'ira. Kin ci. Yanzu matsa mini daga haske, akwai akwati na uku."